Ƙafar Tela a Kan Totur

Yayata ta haura shekara hamsin kafin ta taɓa riƙe sitiyari. Kafin nan abin da ya haɗa ta da mota jiri ne da amai. Tun muna gida, in za a yi tafiya ita ake bar wa gefen taga, a damƙa mata leda, kowa ya ja jikinsa. Sai ga shi Allah ya haɗa ta da direban babbar mota. Sun fi shekara talatin tare, amma sau ɗaya ta taɓa hawa motar tasa, shi ma tana tsaye a gareji, kuma ta ce ko a hakan ta ji ƙasa tana juyawa.

Ita ce babba a ɗakinmu, ni ce auta. Mahaifiyarmu ta rasu ina rarrafe, don haka a bayan Yaya na yi wayo, da ta yi aure kuma aka haɗa ni da kayanta. Ɗinki ta koya tun tana budurwa, shi ya sa duk layinmu Tela ake ce mata, har mijinta. Shagon nata ɗaki ne guda a jikin gidan, ƙofarsa na kallon titi, tsakanin mai gyaran fanka da mai sayar da fenti. A ciki akwai baƙin keke na ƙafa wanda zanen jikinsa ya goge, da benci, da madubi mai tsaga a gefe, da gwangwanin biskit cike da maɓallai marasa 'yan'uwa. Almakashinta ɗaure yake da igiya a ƙafar tebur saboda masu aro. Yaya ba mai yawan magana ba ce. In ranta ya ɓaci ba a bakinta za ka ji ba, a ƙarar keken za ka ji.

Mijinta Baban Biyu ake kiransa, ko da yake 'ya ɗaya suka raina. Tagwaye ta haifa a cikin fari, mace da namiji. Namijin ya koma tun bai fara zama ba, daga nan kuma haihuwa ta tsaya. Sunan ya riga ya bi shi, babu wanda ya iya canzawa. Ni dai Tsoho nake ce masa, shi kuma ya ce mini Amarya, irin wasan nan na ƙanwar mata da mijin yayarta. Duk dawowarsa daga tafiya sai ya tsaya a ƙofa ya ɗaga murya, “Ina Amarya? Ta zo ta karɓi jakata.” Ni kuma in ce, “Wa zai auri mutumin da mai keke ke wucewa a titi?”

Ba sharri na yi masa ba. Siminti yake ɗauka, kuma sauran direbobin kamfaninsu Kunkuru suke ce masa. Ba ya gudu, ba ya fizga, ba ya barin inji a kunne in ya sauka shan shayi. Su tashi tare, su bar shi a baya, su isa har su miƙe ƙafa, can sai ga shi ya iso da sauran mai a tanki, tayoyinsa lafiya lau. Yakan ce ai mota ba ta jin ƙishirwa, direba ne ke mata ɗura. Mu a lokacin dariya kawai muke yi masa.

Ciwon suga ne ya fara kama shi. Ya daɗe yana fama da shi a hanya, yana shan magani in ya tuna, har abin ya taɓa masa ido. Wata rana da rana tsaka ya kusa hawa kan amalanken da aka ajiye a gefen titi, bai gan shi ba sai da ya zo dab. Da ya sauke kayan nan, da ƙafarsa ya je ofis ya ajiye makulli. Babu wanda ya kore shi. Ya dawo ya tare a bencin shagon Yaya, yana warware mata ɗinkin da ya karkace da lalube, yana tsokanar masu kawo ɗinki. A tsakar gida kuma akwai wata tsohuwar ƙaramar mota ruwan toka da ya saya tun idonsa na gani, da niyyar ya riƙa ɗan haya da ita in ya bar babbar hanya. Aka lulluɓe ta da tamfol, kaji suka mayar da ƙarƙashinta gida.

Ba a jima ba ƙafafunsa suka fara kumbura. Likita ya ce ƙoda ce ta gaji, sai dai a riƙa yi masa wanki da inji sau biyu a mako. Garinmu babu injin. Sai babban asibiti a wani gari, tafiyar da ta haura awa biyu in hanya ta yi kyau.

Da farko motar haya suke bi. Zuwa ba laifi, dawowa ce tashin hankali, don in aka cire shi daga injin nan kamar tsumman da aka matse yake fitowa. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi a tasha, Yaya na riƙe da jaka tana neman wanda zai kama mata shi, ranar ta ce an gama. Aka yaye tamfol, bakanike ya tayar da motar, aka samo wani direba da zai riƙa kai su. Bai yi wata guda ba. Mutumin gudu gare shi, ga taka birki kamar mai kashe kunama, kuma duk zuwa sai an sha mai kamar za a bar ƙasar. Baban Biyu na gefe, ba ya gani sosai amma yana ji, kowace fizga kamar a jikinsa ake yin ta. 'Yarsu na aure a nesa, ga ƙananan yara. Ni kuma koyarwa nake a firamare, ban san komai a mota ba sai ƙofa.

Wata safiya Yaya ta ajiye masa shayi ta ce, “Baban Biyu, koya mini.”

“In koya miki me?”

“Tuƙi.”

Ya yi dariya har ya ƙware. “Ke da kike amai a motar da ke tsaye?”

“Na tambaya. An ce mai tuƙi ba ya amai.”

Ya juya kofin a hannunsa ya ce, “Wannan kam gaskiya ne.”

A filin ƙwallon makarantarmu aka fara, ranakun da babu yara, ni ina kujerar baya don kallo. Kuloci bai ba ta wuya ba, giya ma haka, hannunta ya saba da ƙarfe. Totur ne ya zama jidali. Ƙafar da ta shekara da shekaru tana taka keke ba ta san a taka a tsaya wuri ɗaya ba. Sai ta taka ta saki, ta taka ta saki, mota na zabura tana turjewa kamar akuyar da ake ja zuwa kasuwa.

“Tela! Ba siket kike ɗinkawa ba!”

“To ƙafar ce ke yi da kanta.”

“Kafa diddigenki a ƙasa, yatsu kawai za su yi aiki. Ki ɗauka ƙafar nan tawa mai kumburi ce a ƙarƙashin taki.”

Na ce daga baya, “To shi ke nan, yau ƙafar Tsoho ta fashe.”

Duk muka yi dariya, amma daga ranar motar ta daina zabura. Yaya ta je ta yi gwaji ta karɓo lasin, ta sa shi a leda ta liƙe bakin da kyandir don kada ya jiƙe.

Iya tuƙi daban, iya hanyar nan daban. Abin da keken ɗinki ke kawowa shi zai ciyar da gida, ya sayi magani, ya kuma cika tanki sau biyu a mako. Baban Biyu ya ce magani ba a rage shi, ciki ma ba a rage shi, amma tanki yana da magani.

Da but ɗin motar ya fara. Yaya ta mayar da shi ɗaki: tabarma biyu, kular ruwa, risho, tukunya, bargo, filo, jarkar ruwa don ko inji zai yi zafi, har da dutsen guga, wai ko za a kwantar da shi. Ya tsaya a tsakar gida yana laluba kayan ɗaya bayan ɗaya yana miƙo mini. “Wannan fa? Ƙaura za mu yi? Duk abin da mota ta ɗauka sai ta sha mai a kansa.” Bargo kawai ya bari, da tayar safaya, da gorar ruwa. Ya sa aka kwance kariyar da ke saman motar, ya ce iska take tarewa. Ya sa bakanike ya canza filogi, ya zazzage ƙurar da ta toshe matatar iska, ya juye baƙin mai. Duk ranar tafiya kuwa sai sun tsaya wurin mai facin bakin layi tun taya ba ta ɗau zafi ba. Shi Baban Biyu ba ya yarda da bugun taya da ƙafa, sai an sa geji an faɗa masa. Ya ce taya mai ƙarancin iska kamar mutum ne yana tafiya cikin yashi.

Sauran karatun a kan hanya aka yi shi, kuma da kunne yake koyarwa. “Giyar nan kuka take, ba ta ta gaba.” “Kin ga tudun rage gudu can? To me kike takawa? Ɗaga ƙafa tun yanzu, bari ta gangara da kanta. Wanda ya taka totur ya zo ya taka birki, man ya zubar a titi.” Ya koya mata ta riƙa kallon nesa, ba bayan motar da ke gabanta ba. Ya koya mata ta samu gudu ɗaya ta riƙe, ko duniya za ta wuce ta. In suka tarar da jirgin ƙasa ya tare hanya ko dogon layi a shingen bincike, ta kashe inji. Su fita da sassafe kafin cunkoson shiga gari. Esi kuwa, na'urar sanyaya mota, ko taɓa shi ba a yi. A dawowa shi sanyi yake ji, yana ƙudundune cikin bargo, ita tana gefe zufa na ɗiga daga haɓarta.

Abu ɗaya ne ya hana ta, kuma da faɗa. Akwai wani dogon gangare kafin gada, wata rana ta ji wasu direbobi a gidan mai suna cewa in an zo nan a sa mota a firi, ta tafi ba giya. Ta gwada. Ya daka mata tsawar da tun aurensu ba ta taɓa ji ba. “Mayar da giyar nan! Abokina da muka fara aiki tare haka ya yi a irin wannan wuri. Da hannuna na kwashe shi. Ba a tattalin mai da rai, Tela.”

A hankali abin ya fara nunawa. Man da da yake kai su ya dawo da su da ƙyar, sai ga shi yana yin ragowa. Shi ba ya ganin gejin man, don haka duk sanda suka shigo layinmu sai ya ce, “Ina allurar take?” Ta faɗa masa. In ta yi kyau, ranar har mai fenti sai ya ji labari. “Matata ta fi duk direbobin kamfaninmu,” in ji shi. “Da ita suka ɗauka, ba ni ba.”

Yaya ta taɓa ce mini, a duk zaman aurenta ba ta samu mijinta ba kamar a shekara biyun nan. Da can baƙo ne, ya kwana biyu ya tafi ya yi mako. Yanzu ga su a ɗaki ɗaya mai taya huɗu, babu mai shigowa, babu inda za shi. Ya riƙa ba ta labarin hanya: inda ya taɓa kwana da lalatacciyar mota, mai shayin da ya yi masa jinya da zazzaɓi ya kayar da shi, yadda ake gane ruwan sama na zuwa daga warin kwalta. A hanyar ne kuma suka yi maganar da suka shekara talatin suna kewaye ta. Lokacin da yaronsu ya rasu ba ya gari, kuma a zamanin babu waya a hannu. Wani direba ne ya tare shi a hanya ya faɗa masa, an riga an binne. Ya ce mata ya gangara gefen titi, ya shiga ƙarƙashin motar ya kwanta kamar mai gyara, don kada masu wucewa su ga fuskarsa. Da ya iso gida ya tarar da ita tana taka keke, ba ta ɗago ba, sai ya ɗauka fushi take da shi. Ita kuma ta ce masa ba ta ɗago ba ne don ta san in ta kalle shi ba za ta iya shayar da wadda ta rage ba. Ta ce mini suna wannan magana idonta na kan titi, shi nasa a rufe, shi ya sa ta yiwu.

Sai mai ya yi tsada, tsadar da babu dabarar ƙafa da za ta cike. Wani lokaci ma sai an bi layi rabin yini kafin a samu. Yaya ta ƙara karɓar ɗinki, har kayan makaranta da da ba ta so. Ta rame. In ka yi mata magana sai ka maimaita.

Wata rana suna dawowa da la'asar, rana na dukan gilashi, sai motar ta sauka daga kwalta, taya ta hau tsakuwa. Baban Biyu ya ɗora hannu a sitiyari ya ce a hankali, “Tela, dawo hanya.” Ta farka ta dawo. Ta ce masa rami ta kauce wa. Ya ce to.

Ita Yaya ba ta shiga ɗakin wankin. Ba a barin 'yan'uwa su zauna, kuma ganin jini na bin roba yana tayar mata da zuciya. In ma'aikaci ya tura shi ciki a keken marasa lafiya, sai ta koma mota a ƙarƙashin bishiya tana kalmasa da sa maɓalli har a fito da shi. Don haka da ya fito a mako na gaba ya ce mata likita ya duba jininsa ya ce ya yi kyau, sau ɗaya a mako ya isa, ba ta da dalilin musu. Ta dawo gida da fara'ar da na daɗe ban gani ba. Ta sayi alawa ta raba wa yaran layi. Ta kira 'yarta ta ce Babanki ya fara samun sauƙi.

Ba sauƙi ba ne. Kumburin ya hau har gwiwa, fuskarsa ta cika, ya koma barci a zaune don in ya kwanta numfashi na gagararsa. In aka tambaye shi ya ce mura ce. Haka aka ɗauki makonni.

Babbar nas ɗin ɗakin ce ta fasa ƙwan, ba da niyya ba. Ta ji an ce akwai tela a wurin ajiye motoci, sai ta fito da rigarta da aljihu ya yage. Yaya na ɗinke mata, ita kuma ta jingina da ƙofar motar ta ce, “Mama, ya jikin naki? Don Allah in kin ji sauƙi ku dawo da rana ta biyun nan. Ruwa na taruwa masa, zuciyarsa ba za ta jure ba.”

“Ba likita ne ya rage ba?”

Nas ɗin ta ce, “Shi ya ce mana ke ce ba ki da lafiya.”

Yaya ta ƙarasa ɗinkin, ta ciji zaren, ta miƙa mata rigar. Da aka fito da shi ta gyara masa bargo kamar kullum. Sai da suka bar gari ta gangara ƙarƙashin wata inuwa ta kashe mota.

Ya ce, “Lafiya? Taya ce?”

“Wane likita ne ya ce maka sau ɗaya?”

Ya juya kai wajen taga. “Nas ɗin nan bakinta ba ya shiru.”

“Alawa na raba, Baban Biyu. Na kira 'yarka na yi mata albishir. Ka bar ni ina ta murna kana kumbura a gabana.”

“Ranar nan ba rami kika kauce wa ba,” in ji shi. “Barci ne ya ɗauke ki. Na san ƙarar, na sha jin ta a hanya. Kuma ina jin keken nan, ba ya hutawa. Da ƙafarki ake sayen man da nake ƙonawa, da ita kuma ake taka motar. Ni tawa ta zo kusa, Tela. In na tafi ni kaɗai, mutum ɗaya aka rasa.”

Ta ce, “Duk abin da ka ce in cire daga motar nan na cire. Tabarma, risho, kariya, ban yi maka musu ba. Yanzu kuma kanka za ka cire?”

Ya gyara bargon a kafaɗarsa. Manyan motoci na wucewa, iskarsu na girgiza tasu. Can ta share fuska da gefen mayafi ta ce, “Ni ma ba gaskiya nake faɗa maka ba. Allurar nan, tun da mai ya yi tsada nake ɗan ɗaga maka ita.”

“Na sani. Muryarki tashi take in kina ƙari.”

Ta ce mini a nan suka zauna suna dariya suna kuka kamar waɗanda suka taɓu, har wani mai babur ya tsaya ya tambaya ko taimako suke so.

Aka dawo da rana ta biyu. Aka mayar da ita ranar da ba ni da makaranta, don in riƙa bin su ina surutu kada barci ya ɗauke ta. Ni da maigidana muka ɗauki nauyin man wannan ranar, Yaya ta yi ta faɗa kafin ta yarda. Kumburin ya ɗan sauka. Amma likita ya faɗa mata a fili, wannan karon ita da kanta ta shiga, cewa zuciyar ta wahala, sai dai a yi ta lallaɓawa.

Bai yi wata uku ba bayan nan. Wata safiya, ba ma ranar wankinsa ba, na zo gaishe su kafin in wuce aiki na tarar da shi a bakin gado yana kokawa da numfashi, leɓensa ya canza launi. Mai fenti da mai gyaran fanka suka ɗauke shi zuwa mota. Na shiga baya na jingina shi a kafaɗata. Yaya ta tayar da mota, ta rufe gilasai, ta murɗa esin nan da ba a taɓa kunnawa ba, ya feso mana ƙura da gashin kaji kafin sanyi ya zo. Daga nan ta taka. Ban taɓa sanin motar nan tana da irin wannan gudu ba. Ta wuce manyan motoci, ta wuce ƙanana, hannunta ɗaya a kan oda, inji na kururuwa.

Ya buɗe ido ya ce da ƙyar, “Amarya… wa ke tuƙi?”

Na ce, “Yaya ce.”

“Ƙarya… ban koya mata haka ba.”

Na rasa dariya zan yi ko kuka. Yaya ba ta waiwayo ba. Mun shiga ƙofar asibiti jar fitilar mai na kunne.

Sun ja ruwan, ya farfaɗo, aka ba shi gado. Kwanakin da ya yi a nan Yaya na gefensa a kujerar roba, ba ta zuwa ko'ina. 'Yarsu ta zo da ƙaramin jikansa, ya shafa kansa ya ce wannan kan direba ne. Ran nan da azahar mai gadi ya hawo ya ce mai mota ruwan toka ta zo ta gyara tsayuwa, motar kaya za ta shiga. Yaya ta ce masa, “Bari in je in dawo.” Ya ɗaga mata hannu. Ta sauka, ta ja motar baya, ta nemi wata inuwa, ta kulle, ta hawo. Kafin ta iso an ja labule. Ni da 'yarsa ne a kansa. Bai yi wata wahala ba, numfashi ɗaya ya ja mai tsawo, shi ke nan.

Ta tsaya a bakin gadon da makulli a hannu. Ta ce, “Mota kawai na je gyarawa.” Ta faɗa ya fi a ƙirga, ga ni, ga nas, ga duk wanda ya shigo.

Ƙannensa suka tafi da shi a motar asibiti. Aka ce a samo wanda zai ja tamu, Yaya ta ce a'a. Ita ta tuƙo mu har gida. Da muka tsaya a ƙofa ta kasa fita, ƙafarta ta dama na rawa ita kaɗai, sai da na kama ta da hannu biyu na sauke mata ita ƙasa.

Motar tana nan har yau. Da aka zo rabon gado 'yarsa ta ce a bar wa uwarta, dangi ba su ja ba. Yaya takan je sayen yadi da ita, in wani ya rasa lafiya a layi kuma ƙofarta ake bugawa. Ta koma shago, sai dai ta rage karɓar aiki, idonta ita ma ya fara neman gilashi. 'Yarta na ta roƙo ta koma wurinta, ta ce sai ta gama tunani.

Tana cikin takaba aka kira wayarsa, wadda ba ta yarda a kashe ba. Ina zaune ina tsince mata shinkafa, ta sa a lasifika don hannunta da alli. Muryar wata mata ce, mai ladabi. Ta ce daga asibitin garinmu take kira, an kawo musu injinan wankin ƙoda, an buɗe ɗaki, kuma babban asibiti ya turo sunayen mutanen yankinmu, nasa na ciki. Zai iya fara zuwa mako mai zuwa.

Asibitin garinmu a ƙarshen babban titinmu yake. In ka tsaya a ƙofar shagon Yaya kana hango tankin ruwansa.

Yaya ta ce, “Ya rasu.”

Matar ta yi ta'aziyya, ta ba da haƙuri, ta ce ba a sanar da su ba. Har za ta kashe, Yaya ta ce ta dakata. Ta ce akwai wani mai gyaran agogo a bayan kasuwa, matarsa ke kai shi can a motar haya, tun kafin su fara zuwa yake zuwa, don Allah a duba ko yana cikin sunayen, in ba ya ciki a ba shi gurbin. Matar ta ce za ta duba. Suka yi sallama.

Ta ajiye wayar a kan yadin da take shatawa. Ta kalli ƙofa, wajen da asibitin yake. Sannan ta ce, “Auta, daga nan zuwa can, ko a ƙafa ai Baban Biyu zai iya, ko?”

Na ce, “Da ƙyar dai, Yaya. Sai a hankali.”

“Zai iya,” in ji ta. “In mun huta a gaban kantin magani, zai iya.”